Asbjørn Følling

Ivar Asbjørn Følling (an haife shi ranar 23 ga watan Agusta, 1888, ya mutu ranar 24 ga watan Janairu, 1973) likita ne kuma masanin sinadaran jikin ɗan Adam, ɗan ƙasar Norway. An fi saninsa da gano cutar fenilketonuriya a shekarar 1934, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan PKU, kuma a ƙasarsa har yau cutar Følling ake ce mata. Cuta ce ta gado. Lahani a ƙwayar gado guda ɗaya yana hana hanta sarrafa wani sinadari da ke cikin abinci, sai ya taru a jini, ya kai ga ƙwaƙwalwar jariri, ya tauye yadda ƙwayoyin jijiya ke haɗa sinadaran da suke aika wa juna saƙo da su. Aikinsa na cikin na farko da suka nuna cewa naƙasar ƙwaƙwalwa tana iya samun takamaiman dalili a sinadaran jiki, dalilin da za a iya aunawa, daga baya ma a tare shi. Gwajin ɗigon jinin dunduniya da ake yi wa jarirai sabbin haihuwa a ƙasashe da dama ya faro ne daga neman wannan cuta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Følling a gidan manoma a Kvam, cikin yankin Trøndelag da ke tsakiyar Norway, wurin da yanzu yake ƙarƙashin gundumar Steinkjer. Bai fara da karatun likita ba. Ilimin haɗa sinadarai ya fara yi a Kwalejin Fasaha ta Norway da ke Trondheim, ya kammala a 1916. Daga nan ya koma jami'ar babban birnin ƙasar, wanda a lokacin ake kira Kristiania kafin a mayar masa da sunan Oslo a 1925, ya karanta likitanci, ya gama a 1922. Ya yi tafiye-tafiyen ƙaro ilimi zuwa ƙasashen waje, ciki har da Amurka, kuma a 1929 ya samu digirin digirgir da bincike kan yadda tsami ke ƙaruwa a jini.

Wannan jerin karatu shi ne mabuɗin labarinsa. Likitocin zamaninsa da yawa sun iya yin gwajin fitsari su karanta sakamako, amma kaɗan ne za su iya ciro sinadarin da ba su sani ba daga cikin fitsarin, su tace shi, su gano ko mene ne. Følling ya iya. A 1932 aka ba shi muƙamin farfesa a fannin binciken abinci mai gina jiki a Jami'ar Oslo.

Yara biyu da koren launi

A farkon 1934 wata uwa ta kawo masa 'ya'yanta biyu, mace mai kimanin shekara 7 da ƙanenta mai kimanin shekara 4. An haife su lafiya, amma da suka fara girma hankalinsu bai biyo shekarunsu ba. Yarinyar tana iya furta kalmomi kaɗan, yaron kuwa ba ya magana, ba ya tafiya. Uwar ta riga ta zaga wurin likitoci da masu magani ba tare da an gaya mata abin da za ta riƙe ba. Abin da ta dage a kansa shi ne wani wari da ke fita daga jikin yaran da fitsarinsu, mai kama da warin funfuna, wanda wanka ba ya kawar da shi. Ta yi imani warin yana da alaƙa da halin da suke ciki.

Følling bai sa ran samun wani abu ba. Ya yi gwaje-gwajen da aka saba: babu sukari a fitsarin, babu furotin. Sai ya ɗiga ruwan ferik kulorayid, wani gishirin ƙarfe da ake amfani da shi wajen neman sinadaran kiton da kan fito a fitsarin masu ciwon sukari. Idan akwai su, fitsarin yakan koma ja mai duhu. Na yaran nan sai ya koma kore mai duhu, bayan 'yan mintoci kuma launin ya dushe. Bai taɓa ganin haka ba, kuma bai same shi a littattafan da ke gabansa ba.

Tunaninsa na farko shi ne ko wani magani ne da ake ba yaran. Ya ce a dakatar da duk wani magani da jiƙe-jiƙe na tsawon mako guda. Da aka sake kawo fitsarin, koren ya sake fitowa. Ke nan jikin yaran ne da kansa ke samar da abin. Cikin kimanin wata biyu uwar ta riƙa tara fitsarin tana kawo masa, har ya kai wajen lita 20, shi kuma yana tacewa. Sinadarin yana saurin lalacewa idan iska ta taɓa shi, don haka sai da ya yi dabarar kare shi daga iska. A ƙarshe ya samu tsantsarsa a daskare kamar ƙwayoyin gishiri, yana narkewa a zafin digiri 155 a ma'aunin salsiyos. Ya ƙirga abin da ya ƙunsa, ya samu kabon 9, haidurojin 8, oksijin 3. Ya farfasa shi ya duba abin da ya rage, sai zarginsa ya tsaya kan wani sinadari mai suna fenilfayirubik asid. Don ya tabbatar, ya haɗa wannan sinadari a ɗakin gwaji, ya gauraya shi da wanda ya ciro daga fitsari, ya sake auna zafin narkewa. Da abubuwa biyu ne mabambanta, da ma'aunin ya sauka. Bai sauka ba.

Siffar sinadarin ta yi kama ƙwarai da ta fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan amino asid da ake gina furotin da su, wanda ke cikin nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa. Følling ya yi hasashen cewa jikin yaran ya kasa sarrafa fenilalanin ta hanyar da aka saba, shi ya sa yake karkata ta wata hanya ya fita a fitsari. Hasashen ya yi daidai, ko da yake tabbatar da shi ya ɗauki shekaru.

Bai tsaya kan iyali ɗaya ba. Ya bi gidajen kula da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa a Oslo da kewaye, ya gwada fitsarin yara 430, ya samu ƙarin mutum 8 masu koren launi, wasunsu 'yan uwan juna. Ya lura da yawansu suna da hasken fata da na gashi, wasu da ƙaiƙayin fata, wasu da taurin gaɓoɓi. A cikin shekarar ya wallafa sakamakon mutum 10 ɗin da harshen Jamusanci a mujallar Hoppe-Seyler ta ilimin sinadaran jiki.

Shekarar da abin ya faru tana da muhimmanci. A 1933 Jamus ta kafa dokar hana masu naƙasar ƙwaƙwalwa haihuwa ta hanyar tiyata, a 1934 kuma Norway ta kafa tata dokar. Ra'ayin da ya yi ƙarfi a Turai lokacin shi ne irin waɗannan mutane duk abu ɗaya ne, lalacewar iri ce kawai, babu abin bincike a ciki. Takardar Følling ta ware rukuni guda daga cikinsu ta nuna cewa abin da ke damunsu mataki ɗaya ne tak da ya tsaya a aikin jiki. Likitan Ingila Archibald Garrod ya riga ya kawo ra'ayin cewa akwai kurakuran sarrafa sinadarai da ake haihuwar mutum da su tun a laccocinsa na 1908, amma cututtukan da ya yi misali da su ba su taɓa hankali ba. Ta Følling ta taɓa.

Yadda ake gadon cutar

A Ingila, Lionel Penrose ya samu masu cutar a asibitin da yake aiki a Colchester, kuma shi da Juda Quastel ne suka yaɗa sunan fenilketonuriya. Følling ya ci gaba da nasa binciken. Shi da Karl Closs sun yi amfani da wata ƙwayar bakteriya da ke mayar da fenilalanin zuwa sinadarin nan mai ba da kore, ta haka suka nuna cewa fenilalanin ɗin kansa ya yi yawa a jinin masu cutar. A 1945, tare da masanin gado Otto Lous Mohr da Lars Ruud, ya fitar da nazarin iyalai da ya tabbatar da cewa sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka biyu kafin cutar ta bayyana.

Lissafin iri ɗaya ne da na sikila, wanda iyaye a Gwarzo ko Kabo ko cikin birnin Kano suka saba ji a wajen gwajin jini kafin aure, gwajin da jihar Kano ta mayar doka a 2024. Mai ɗauke da ƙwayar gado ɗaya mai lahani da ɗaya lafiyayya lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Idan irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da cutar. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar lahanin, sai dai yana ƙara yiwuwar miji da mata su zama sun gaji abu ɗaya daga kaka ɗaya. Gwajin sikila kuma ba ya nuna PKU, domin ƙwayar gadon daban ce. A Turai ana samun cutar a wajen jariri 1 cikin 10,000. Ta fi haka yawa a Turkiyya da Ireland, ta yi ƙaranci sosai a Finland da Japan, haka ma tsakanin baƙar fata 'yan asalin Afirka.

Penrose ya yi amfani da wannan lissafi a laccarsa ta 1946 wajen rushe hujjar masu son hana haihuwa: masu ɗauke da lahanin a ɓoye sun ninka masu cutar nesa ba kusa ba, kuma lafiyayyu ne, don haka hana marasa lafiyar haihuwa ba zai kawar da komai ba.

Daga hanta zuwa ƙwayoyin jijiya

Tambayar da Følling bai iya amsawa a 1934 ba ita ce yadda matsalar sarrafa abinci ke zama matsalar hankali. Ilimin da za a amsa ta da shi bai riga ya samu ba. A 1921 ne Otto Loewi ya nuna da zuciyar kwaɗo cewa jijiya tana isar da umarni ta hanyar sakin sinadari. An tace serotonin a 1948, an gano shi a ƙwaƙwalwa a 1953. Sai a 1957 da 1958 Arvid Carlsson na Sweden ya nuna cewa dofamin ɗan aike ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa. A shekarun 1950 kuma Bernard Katz ya bayyana cewa bakin jijiya yana sakin sinadarinsa ne ƙunshi-ƙunshi. Duk wannan ya faru Følling yana raye yana gani.

Abin da aka fahimta shi ne ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Tsakanin bakin ɗaya da jikin ta gaba akwai ɗan siririn gibi. Ƙwayar farko tana haɗa sinadarin saƙo, ta ɗura shi a wasu ƙananan jakunkuna, ta jera su a bakinta. Idan motsin lantarki ya iso, kalsiyam yana shiga, jakunkunan su buɗe su zubar da abin da ke cikinsu a gibin, ƙwayar gaba ta karɓa. Kowane mataki, daga haɗawa zuwa ɗurawa zuwa saki, akwai furotin mai yin sa, kuma kowane furotin akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Idan umarnin ya samu lahani, furotin ya fito a karkace ko ya ƙi fitowa, sai matakin ya tsaya.

A PKU matakin da ya tsaya ba a ƙwaƙwalwa yake ba, a hanta yake. George Jervis a Amurka ya nuna a 1947 cewa masu cutar ba sa iya mayar da fenilalanin zuwa tayirosin, a 1953 kuma ya nuna cewa enzayim ɗin da ke wannan aiki ba ya motsi a hantarsu. Ana iya kwatanta shi da injin niƙa da ya lalace: hatsi na taruwa a bakin injin, gari kuma na ƙaranci a gida. Tayirosin shi ne garin, domin daga gare shi ƙwayar jijiya ke yin dopa, daga dopa ta yi dofamin, daga dofamin ta yi noradirenalin. Daga gare shi kuma fata ke yin melanin mai ba ta duhu, abin da ke bayyana hasken fata da gashi da Følling ya lura da shi.

Amma ƙarancin garin ba shi ne babbar ɓarnar ba, tunda ana samun tayirosin kai tsaye daga abinci. Tarin hatsin ya fi cutarwa. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, kuma fenilalanin da tayirosin da tiriftofan, wanda ake yin serotonin da shi, duk ta ƙofa ɗaya suke wucewa. Idan fenilalanin ya ninka yadda ya kamata sau goma ko ashirin, sai ya cushe ƙofar kamar ranar kasuwa, sauran su shiga kaɗan-kaɗan. Wanda ya shiga ciki kuma yana dagula aikin enzayim ɗin da ke haɗa dofamin da serotonin. Sakamakon shi ne ƙwayar jijiya tana da ƙarancin abin da za ta ɗura a jakunkunanta, saƙo na fita da rauni. Tun a 1957 masu bincike a Landan suka samu ƙarancin serotonin a jinin masu cutar, daga baya aka samu ƙarancin dofamin da serotonin a ƙwaƙwalwarsu. Akwai ƙarin ɓarna guda: yawan fenilalanin yana hana samuwar farin rufin kitse da ke naɗe jijiyoyi kamar robar wayar lantarki. Saboda a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa a lokacin ba ya dawowa gaba ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi cewa sinadaran saƙo na cikin matsalar ta zo ne a tsakiyar shekarun 1970, jim kaɗan bayan mutuwar Følling. An samu wasu jarirai masu yawan fenilalanin da aka sa su kan abincin da ya dace, jininsu ya daidaita, amma duk da haka jikinsu ya ci gaba da saki, suna farfaɗiya. Ashe enzayim ɗin hantarsu lafiya yake. Abin da suka rasa shi ne wani mataimakin sinadari da ake kira BH4, wanda Seymour Kaufman ya gano aikinsa, kuma shi ɗin ne dai enzayim masu haɗa dofamin da serotonin ke buƙata a cikin ƙwayar jijiya. Irin waɗannan yara sai an ba su dopa da wani sinadarin da jiki ke mayarwa serotonin. A 1983 Savio Woo da abokan aikinsa suka ciro ƙwayar gadon enzayim ɗin hanta, wadda ke kan kuromosom na 12, kuma zuwa yanzu an san nau'o'in lahani sama da 1,000 a cikinta, wasu masu tsanani, wasu masu sauƙi.

Daga nan aka ci gaba da gano 'yan uwan cutar. Masaya Segawa na Japan ya bayyana wata cutar murɗewar gaɓoɓi ta yara da ke tsananta da yamma, wadda ƙaramin adadin dopa ke warwarewa. A 2008 aka danganta wata farfaɗiyar jarirai mai tsanani da lahani a furotin da ke taimaka wa jakunkuna buɗewa a bakin jijiya. A 2013 aka bayyana wani dangi a Saudiyya da lahaninsu ke kan furotin mai ɗura dofamin da serotonin a cikin jakunkunan. A nan ana haɗa sinadarin, amma ba ya samun fita yadda ya kamata.

Magani da gwajin jarirai

Følling ba shi ne ya samo maganin ba, kuma yaran nan biyu ba su amfana ba. Ƙaramin ya mutu yana yaro, yayarsa ta rayu har ta manyanta ba tare da samun sauƙi ba. Wahalar ita ce kusan duk abinci mai furotin yana da fenilalanin, kuma yaro ba ya girma sai da furotin. Louis Woolf ya ba da shawarar a narkar da furotin ɗin madara a tace shi ta cikin gawayi na musamman, wanda ke riƙe fenilalanin. Horst Bickel, Evelyn Hickmans da John Gerrard suka gwada haka a Asibitin Yara na Birmingham kan wata ƙaramar yarinya, nan ma saboda nacin mahaifiyarta, suka wallafa sakamakon a 1953. Yarinyar ta samu ci gaba, amma ya bayyana cewa sai an fara tun kwanakin farko na haihuwa kafin a tsira da hankali cikakke.

Gwajin kore na Følling bai isa ga wannan ba, domin sinadarin yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana a fitsarin jariri. Robert Guthrie na Buffalo a Amurka ya ƙirƙiro gwajin ɗigon jini a kan takarda, wanda ake busarwa a aika ɗakin gwaji, aka wallafa shi a 1963, kuma a shekarar jihar Massachusetts ta wajabta shi ga duk jariri. Yaron da aka gano da wuri yana girma da hankalinsa, ya yi karatu kamar kowa, muddin aka kiyaye abincinsa: a guji nama, kifi, ƙwai, wake da gyaɗa da dangoginsu, a auna hatsi, a dogara da kayan lambu, 'ya'yan itace, abinci mai ƙarancin furotin irin su rogo, da wani haɗin furotin na musamman. Gargaɗin fenilalanin da ake gani a jikin wasu lemukan kwalba masu zaƙin aspatem domin waɗannan mutane ake rubuta shi. Mace mai cutar kuma dole ta tsananta kiyayewa kafin ta ɗauki ciki da lokacin goyonsa, domin yawan sinadarin a jininta yana lahanta ɗan tayi ko da shi bai gaji cutar ba.

Ƙarshen rayuwa

A 1935 Følling ya koma Kwalejin Likitan Dabbobi ta Norway a matsayin farfesa, daga baya ya shugabanci babban ɗakin gwaje-gwaje na asibitin ƙasa, Rikshospitalet, a Oslo, ya kuma riƙe kujerar farfesan ilimin sinadaran jiki a jami'a har ya yi ritaya a 1958. Karramawar duniya ta zo masa a makare, sai da magani da gwajin jarirai suka nuna amfanin abin da ya gano. A 1960 ya samu kyautar Anders Jahre ta binciken likitanci, a 1962 kuma yana cikin rukunin farko da suka karɓi kyautar Gidauniyar Joseph P. Kennedy Jr. daga hannun shugaban Amurka John F. Kennedy. Ya mutu ranar 24 ga Janairu, 1973, yana da shekara 84. Ɗansa, wanda shi ma likita ne, ya rubuta tarihin yadda aka gano cutar a wata mujallar likitancin yara a 1994, shekara 60 bayan fitowar takardar farko.